Jirgin Ɗaukar Hoto Ya Ƙi Tashi a Zauren Biki: Darasi kan Dokar Sama da Shingen da Ba a Gani

Daga Teburin Kimiyya da Fasaha na Kulob ɗin 'Yan Jarida

Darasin wannan fitowa ya samo asali ne daga wata takarda da muka tarar a akwatin tambayoyi. Wata 'yar'uwarmu ce ta rubuto, ga abin da ta ce:

"Yayana mai ɗaukar hoton biki ne. An ɗauke shi aiki a wani zauren taro a Kano. Da ya kunna ɗan jirginsa marar matuƙi sai ya ƙi tashi, wayar ta rubuta masa wai yana kusa da filin jirgi. A cikin ɗaki ne fa, da rufi da komai. Wane jirgin sama ne zai yi karo da shi a ƙarƙashin kwano? Ranar har cikon kuɗin aikinsa bai samu ba. Wani ya ce masa ana buɗe irin wannan kulle ta intanet. Idan an buɗe, shi ke nan ya samu izini?"

Tambayar ta shafi fiye da mutum ɗaya. Cikinmu akwai masu shirin kama sana'ar hoto bayan makaranta, akwai masu burin karatun kwamfuta ko injiniya a Kazaure, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Gajeriyar amsa ita ce: kullen kamfani daban, izinin hukuma daban. Ga bayanin dalla-dalla.

1. Sama ma tana da masu kula da ita

Mun saba da dokar hanya. Mai mota daga Gwiwa zuwa Kazaure ya san hannunsa, ya san inda za a tambaye shi takardu. Sararin samaniya ma haka yake, sai dai hanyoyinsa ba su da kwalta. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, zirga-zirgar sama ke ƙaruwa, dokokinta na ƙaruwa tare da ita.

Hukumomi uku ya kamata mai ƙaramin jirgi ya san sunayensu. Ta farko ita ce Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, mai shimfiɗa ƙa'idoji da ba da lasisi. A watan Mayun 2016 ta sanar da cewa ba wanda zai tashi jirgi marar matuƙi a sararin samaniyar Najeriya sai da izininta da na ofishin tsaro, kuma a kundin ƙa'idojinta na 2023 ta ware wa irin waɗannan jirage sashe guda, Sashe na 21. Ta biyu ita ce Hukumar Kula da Sararin Samaniyar Najeriya, wato NAMA, wadda ma'aikatanta ke zaune a hasumiyar filin jirgi suna ce wa wannan matuƙi sauka, wancan dakata. Na uku shi ne Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, wanda ke tantance mai son shigo da jirgin da mai son aiki da shi.

Me ya kawo maganar tsaro cikin abin ɗaukar hoto? Abin da ke ɗaukar hoton amarya zai iya ɗaukar hoton barikin soja. A watan Janairun 2025 sojoji suka hana tashin irin waɗannan jirage ba da izini ba a yankin Arewa maso Gabas, saboda masu tayar da ƙayar baya sun fara amfani da su. Filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa, fasinja da sojan sama ne ke amfani da shi tare.

Akwai kuma ƙa'idoji da mafi yawan ƙasashen duniya suka yi tarayya a kansu: kada ƙaramin jirgi ya wuce tsayin mita 120, wato ƙafa 400, kada ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, kada ya bi ta kan taron jama'a, kada ya kusanci filin jirgi sai da izini.

2. Lissafin da ya sa aka tsananta kusa da filin jirgi

A ɗauko biro, wannan sashe na 'yan ajin lissafi ne. Jirgin fasinja ba ya faɗowa titinsa tsaye kamar shirwa ta hango ɗan tsako. A hankali yake gangarowa, a kan kusurwa mai digiri 3. Wannan na nufin duk kilomita ɗaya da ya rage masa ya taɓa ƙasa, tsayinsa kimanin mita 52 ne. Idan saura kilomita 5, yana sama da mita 260. Idan saura kilomita 2, yana mita 105 kacal. A lura da kyau: mita 105 bai kai mita 120 ɗin da aka yarje wa ƙaramin jirgi ba. Ke nan a unguwannin da ke bakin titin jirgi, babba da ƙarami a hanya ɗaya suke.

Sai gudu. Jirgi mai shirin sauka yana tafiyar kimanin kilomita 250 a awa, wato kusan mita 70 a kowace daƙiƙa. Idan matuƙi ya hango ɗan abu a gabansa daga nisan mita 200, daƙiƙa uku ma ba ta cika masa ba. Kuma abu mai nauyin kilo ɗaya da ya bugi jirgi a wannan gudu, ƙarfin bugunsa daidai yake da na dutse mai kilo ɗaya da aka sako daga tsayin mita 250.

Tsuntsu ma yana kayar da jirgi. Ranar 15 ga Janairu 2009 wani jirgin fasinja ya tashi daga birnin New York na Amurka, ya shiga garken dinyoyin daji, injinansa biyu suka mutu, dole matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson. Allah Ya kiyaye, duka mutum 155 da ke ciki suka tsira. Tsuntsu nama ne da ƙashi marar nauyi. Jirgi marar matuƙi kuwa ƙarfe ne da batir mai iya kamawa da wuta.

3. Gani ga wane

A watan Satumban 2017 wani ƙaramin jirgin ɗaukar hoto ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu a New York, ya lahanta masa farfela. Mai shi ya tura shi nesa har ya daina ganinsa. Wata guda bayan haka, wani ya bugi ƙaramin jirgin fasinja da ke shirin sauka a birnin Kebek na ƙasar Kanada. Duka biyun an sauka lafiya.

Wanda ya fi girgiza duniya shi ne na filin jirgin Gatwick da ke kusa da Landan. Daga 19 zuwa 21 ga Disamba 2018 aka yi ta ba da rahoton ganin jirgi marar matuƙi kusa da titin jirage, sai aka rufe filin. Tashi da saukar jirage kusan 1,000 suka lalace, matafiya kimanin 140,000 suka rasa yadda za su yi. Babu karon da aka yi, ganin kawai ya wadatar. A watan Maris na 2019 Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka hana daga kilomita 1 zuwa kimanin kilomita 5.

Mu kwatanta da namu. A ce lokacin jigilar alhazai ne, maniyyatan Gwiwa da Roni da Babura sun yi sallama da iyalansu, sai a ce an dakatar da tashi saboda wani ya ga dama ya ɗauki hoton rufin gidansu daga sama. Kowa ya san irin addu'ar da zai sha.

4. Shingen da ba a gani

To yaya aka yi jirgin yayan 'yar'uwarmu ya san yana kusa da filin jirgi? Amsar tana cikin na'urar GPS, irin wadda ke cikin wayoyinmu.

Akwai taurarin ɗan'adam aƙalla 24 na wannan tsari da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200. Kowane yana ta aiko da saƙo: ni ne wane, ga inda nake, ga lokacin da na yi magana. Na'urar da ke ƙasa tana auna jinkirin isowar saƙon, daga nan ta gane nisanta da tauraron. Dabarar ɗaya ce da wadda muke yi da damina: ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi kafin ka ji tsawa, duk daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ke nan. Idan na'urar ta ji taurari huɗu ko fiye, ta san inda take a doron ƙasa.

Kamfanin da ya ƙera jirgi sai ya zuba masa taswira a ƙwaƙwalwa, ya zana iyaka kewaye da filayen jirgi da gidajen yari da sauran wurare masu haɗari. Jirgin na kwatanta inda yake da taswirar. Idan yana waje, ya nufo iyakar, sai ya tsaya cik kamar ya ci karo da bango. Idan a ciki aka kunna shi, farfelolinsa ba za su juya ba. Wannan shi muka kira shingen da ba a gani.

Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da jiragen ɗaukar hoto a duniya, ya fara sa irin wannan shinge a 2013. Bayan wani jirginsa da wani mutum ke wasa da shi ya faɗa harabar fadar shugaban Amurka a watan Janairun 2015, sai ya kulle tsakiyar birnin Washington. Da farko da'ira ake zanawa a kewaye filin jirgi. Daga 2018 kamfanin ya fara sauya zanen zuwa siffar kalangu: tsukakke a tsakiya inda titin yake, mai faɗi a bakin nan biyu inda jirage ke gangarowa da tashi. Wanda ya yi lissafin sashe na biyu ya san dalili.

A taswirar wancan lokaci launuka ne ke magana. Ja: ba tashi sam. Ruwan toka: a tashi amma an ƙayyade tsayi. Shuɗi: a kulle yake, mai rajista na iya buɗewa. Ruwan lemo: sai ka amsa cewa ka ɗauki alhaki. Rawaya: gargaɗi kawai.

5. To, cikin ɗaki fa?

'Yar'uwarmu tana da gaskiya a wani ɓangare. Jirgin da ke shawagi cikin rufaffen ɗaki ba zai haɗu da jirgin fasinja ba. Shi ya sa hukumomin jiragen sama na Amurka da Birtaniya suka bayyana cewa ƙa'idojinsu na sararin samaniya ba su hau kan tashin da aka yi a rufaffen gini ba. Amma wannan hukuncinsu ne a ƙasashensu, ba a ɗauko shi a shimfiɗa a Kano. A nan, takardun mallakar jirgin suna nan a wuyan mai shi ko a ɗaki ko a fili, kuma wanda zai yi aiki daf da filin jirgi, NCAA zai tuntuɓa tun da wuri.

Shi kuwa jirgin, bai san rufi ba. Ya san inda yake a taswira, bai san abin da ke bisa kansa ba. Saƙon taurari yana raunana a cikin gini, amma yakan kutso ta taga da ƙofa da rufi marar kauri. Daga nan abu uku ke iya faruwa.

Na ɗaya, saƙon ya shigo sosai. Jirgin ya gane yana cikin shinge, ya ƙi tashi. Wannan ne ya sami yayan mai tambaya, kuma jirgin abin da aka gina shi a kai ya yi.

Na biyu, saƙon bai shigo ba ko kaɗan. Jirgin zai iya tashi, amma ya rasa abin da ke riƙe shi wuri ɗaya, sai ƙananan kyamarorin da ke cikinsa masu kallon ƙasa. Su kuma suna son haske da daɓe mai zane. A kan tayil mai sheƙi, ko lokacin da aka rage fitilu don shigowar amarya, sai su makance, jirgin ya fara sulalewa gefe, iskar fanka na ƙara tura shi.

Na uku ya fi duka haɗari. Jirgin ya tashi babu saƙo, yana tsakiyar aiki ya matsa kusa da taga, saƙo ya shigo, ya farga cewa yana cikin jan yanki. Nan take zai fara sauka da kansa, ko mene ne a ƙarƙashinsa: teburin abinci, ko kan jariri a bayan uwarsa.

Akwai kuma tarkon da masu koyo ke mantawa da shi. Yawancin jiragen nan an saita su cewa idan suka daina jin rimot, su hau sama zuwa wani tsayi sannan su koma inda suka tashi. A fili wannan dabara ce mai kyau. A ɗaki kuwa, hawa sama na nufin silin da fanka. Don haka mai aiki a ɗaki yakan sauya saitin zuwa tsayawa wuri ɗaya, ya kuma ɗaura wa farfelolin kariyarsu.

Wasu kan liƙa takardar alminiyom a kan jirgin don toshe saƙon taurari. Wannan ganganci ne. Ka makantar da abu mai wuƙaƙe huɗu masu juyawa, sannan ka sake shi a kan mutane. Idan kuma ya fice ta ƙofa, ya shiga sararin da dokar ta fi tsanani babu abin da zai tsayar da shi.

6. Buɗe kwaɗo ba izini ba ne

Gaskiya ne an riƙa buɗe kullen, kuma hanya biyu kamfanin DJI ya tsara a wancan lokaci. Ta farko ta shuɗin yanki ce: mai jirgi ya shiga da asusunsa da aka tantance da lambar waya, ya zaɓi wurin, ya amsa cewa yana da izini kuma ya ɗauki alhaki, a buɗe masa na ɗan lokaci. Ta biyu ta jan yanki ce: sai ya aika buƙata ta intanet da lambar jirginsa, da iyakar wurin, da tsayin da yake so, da ranakun aiki, haɗe da takardar izini daga masu iko da wurin. Idan an amince, sai ya sauke shaidar buɗewar a manhaja, ya tura ta cikin jirgin. Wannan na buƙatar intanet da kwanaki a gaba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Maƙerin da ya ƙera kwaɗo zai iya yanka maka makulli, amma gidan ba nasa ba ne. Kamfani shi ne maƙerin, sararin samaniyar Najeriya kuwa ba mallakarsa ba ce. Idan jami'in tsaro ya tsare ka, saƙon da ke wayarka cewa an buɗe ba zai fisshe ka ba, takardar hukuma zai nema. Haka kuma wurin da ba a kulle ba, ba lallai ne ya halatta ba, domin taswirar kamfani ba ta ƙunshi kowane barikin soja da kowace sanarwar gaggawa ba.

Shi kansa kamfanin ya nuna haka a aikace. A 2024 ya fara cire kullen dole a ƙasashen Turai, a watan Janairun 2025 ya yi haka a Amurka. Wuraren da a da jirgi ke ƙin tashi suka koma gargaɗi kawai, hukunci ya rage ga mai riƙe da rimot. Cire kullen bai sauya dokar ƙasashen nan ba ko da harafi ɗaya. Kwaɗon ne aka cire, mai gida yana nan.

7. Abin da za a gaya wa Yaya

Na farko, kafin ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya duba wurin bikin a taswirar manhajarsa. Idan yana cikin shinge, ya faɗa wa masu biki gaskiya tun ranar.

Na biyu, ya daidaita takardunsa da hukuma, ya riƙa yawo da kwafinsu.

Na uku, ya nemi yardar mai zauren a rubuce, ya je kwana ɗaya kafin biki ya gwada jirgin lokacin da babu kowa.

Na huɗu, kada ya bi ta kan mutane. Ya ɗauki hoton zauren kafin baƙi su cika, a kashe fankoki, a rufe ƙofofi. Kuma ba kowace mace ce ke son a ɗauke ta daga sama ba, musamman a wajen kamu, sai a tambaya.

Na biyar, ya tanadi mafita. Kyamara a kan doguwar sanda tana ba da hoto daga sama babu farfela ko ɗaya.

8. Mu da ke nesa da filin jirgi

Wani zai ce mu a Gwiwa ina ruwanmu, tunda manyan filayen da suka fi kusa da mu suna Katsina da Kano, na jiharmu kuma yana can Dutse. Gaskiya ne da wuya jirgi ya ƙi tashi a filin ƙwallonmu. To a nan ne darasin ya fi shafar mu, domin inda babu kwaɗo, sanin doka da tarbiyyar mutum kaɗai suka rage. Izinin NCAA na ƙasa baki ɗaya ne, ba na birni kawai ba. Jirage masu saukar ungulu na yin ƙasa-ƙasa a ko'ina. 'Yan'uwanmu na Babura suna bakin iyakar Nijar, inda kuskuren mita kaɗan zai kai jirgi sararin wata ƙasa. Sannan katangar gidan maƙwabci sutura ce, wanda ya leƙa ta sama ya keta ta kamar wanda ya haura.

Kada wannan ya sa mu tsoron fasahar. Kamfanin Zipline ya fara kai jini asibitoci da jirage marasa matuƙa a Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019, ya fara aiki a Jihar Kaduna a 2022. Jiragensa na tafiyar kilomita masu yawa ba tare da idon mai sarrafawa na kansu ba, abin da aka hana ɗan koyo. Sun sami wannan dama ne ta hanyar zama da hukuma da bin tsarinta. Wanda ya iya doka, shi ake buɗe wa sama.

Aikin gida

1. Jirgi na gangarowa a kan kusurwar digiri 3. A wane nisa daga wurin saukarsa tsayinsa zai zama mita 120?

2. Saƙon tauraro na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tsawon wane lokaci zai ɗauka kafin ya iso daga nisan kilomita 20,200?

3. A cikin jimla uku, bayyana bambancin buɗewar kamfani da izinin hukuma.

A jefa amsoshi a akwatin kulob kafin ranar Alhamis, da suna da aji. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba. A gaida Yaya, Allah Ya mayar masa da alheri.